Kamfanin gidan haya ya ba ni kwana 10 in fitar da kyanwoyina

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Damagaram ce, ina zaune a Bronx cikin birnin Niyok, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara 2 ke nan da rasuwar maigidana. 'Ya'yanmu suna gida wajen mahaifiyata, ni kaɗai ce a nan. Kafin ya rasu ya tsinci wata 'yar kyanwa a garejin da yake ajiye tasi ya kawo mana, daga baya na karɓi na biyu, namiji, daga wata maƙwabciya. Tun da na fita takaba barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, har akwai lokacin da nake yini a kwance. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta ɗora ni a kan magani, ta haɗa ni da wata mai ba da shawara da nake gani sau biyu a wata. Wallahi Anti, sau da yawa kukan yunwar kyanwoyin nan ne ke tayar da ni in yi asuba in tafi aiki.

Wata 8 da suka wuce na koma wani bene mai gidaje da yawa. A takardar haya an rubuta ba a yarda da dabba ba, na sa hannu na ja bakina na yi shiru. Supa, wato mai kula da benen, ya gan su tun lokacin sanyi da ya zo gyaran hita, bai ce komai ba. Yanzu kamfanin ya aiko takarda wai in fitar da su cikin kwana 10 ko a soke hayata. Ƙawata ta ce in sayi takardar shaidar cewa lafiyata tana buƙatar kyanwoyin a intanet, dala 150, ba sai likitata ta sani ba. Ƙanen mijina ya ce abin kunya ne Musulma ta rasa gida a kan mage, in kai su gidan ajiye dabbobi in yawaita istigfari. Ni kuma tsorona kada a rubuta ina da taɓin hankali, magana ta kai wajen aiki ko ta kai gida. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Bronx

Amsa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari.

Ki fara kwantar da hankalinki a kan kwana 10 ɗin nan. Takardar da aka aiko miki gargaɗi ce, matakin farko ke nan da mai gida yake ɗauka kafin ya je kotu. A Niyok ba mai gidan da yake da ikon fitar da ɗan haya da hannunsa. Sai ya kai ƙara kotun gidaje, alƙali ya saurare ku, ya yanke hukunci, sannan jami'in da doka ta ba wannan aikin ya zo da takardar kotu. Wanda ya canja miki makulli ko ya fitar da kayanki ba tare da wannan ba ya aikata laifi, kuma 911 ake kira masa. Amma kada ki ɗauki wannan a matsayin lasisin naɗe hannu. Kwanakin nan su ne damarki ta tura amsa a rubuce, kuma amsar da ta isa kafin wa'adi ya cika ta fi wadda ta zo bayansa daraja a gaban alƙali. Ki ci gaba da biyan kuɗin haya a kan lokaci, ki adana rasit. Kada fushi ya sa ki riƙe ko dala ɗaya, domin hakan zai ba su wata ƙarar daban, mai sauƙin ci.

Abin da nake so ki riƙe daga duk abin da zan faɗa shi ne, abin da ƙawarki take so ki saya da kuɗi kina da na gaskiyarsa a hannu. Kina da ciwo da likita ta gano, kina shan magani, kina da mai duba ki wadda ta san labarinki wata da watanni. Mutane irinki aka yi wa dokar. Abin da ya tsaya tsakaninki da haƙƙinki kunya ce, kuma zan zo kanta.

Ga yadda dokar take. A 1968 Amurka ta kafa dokar hana wariya a harkar gidaje, a 1988 aka ƙara masu lalura a cikin waɗanda take karewa. Lalura a nan ta haɗa da ta jiki da ta zuciya da ƙwaƙwalwa. Dokar ta ce idan wata ƙa'idar gida ta hana mai lalura jin daɗin zama kamar kowa, wajibi ne mai gida ya yi masa sassauci daidai gwargwado. Ƙa'idar hana dabba tana cikin irin waɗannan. Idan kyanwa tana rage wa mai ciwon damuwa raɗaɗin ciwonsa, doka ba ta kallonta a matsayin dabbar sha'awa, tana kallonta a matsayin abin da mara lafiya yake buƙata. Ba a buƙatar a ce an horar da ita, ba ta da wata riga ko lamba da dole sai ta sa, kuma gwamnati ba ta da wata rajista ta irin waɗannan dabbobi. Duk shafin da ya ce zai yi wa kyanwarki rajista ya aiko miki da kati mai tambari, kasuwancinsa yake yi.

Kin yi dace da garin da kike. Dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin Niyok ta fi ta tarayya faɗi. A wajenta ba sai ciwo ya kai ga hana mutum tafiyar da rayuwarsa ba kafin a lissafa shi lalura. Kuma tun 2018 ta wajabta wa mai gida, idan aka nemi sassauci, ya tattauna da mai nema da zuciya ɗaya, sannan ya ba shi amsa a rubuce. Yin kunnen uwar shegu da buƙatarki ma saɓa doka ne. Akwai ƙananan gidaje da dokokin suka keɓe, kamar gidan da mai shi yake zaune a ciki: dokar tarayya ta keɓe wanda bai wuce sassa 4 ba, ta jihar Niyok kuma wanda bai wuce 2 ba. Ke da kike babban bene a hannun kamfani, wannan bai shafe ki ba. Na faɗa ne saboda 'yan uwanmu da suke haya a ƙasan gidan wani.

Sai kuma wani makami na biyu da ban ga alamar kin san da shi ba, kuma supa ne ya miƙa miki shi. Tun 1983 birnin Niyok yake da doka a kan benaye masu gidaje 3 ko fiye: idan ɗan haya ya riƙe dabba a fili, mai gida ko wakilinsa ya sani, aka yi wata 3 ba a kai ƙara kotu ba, to sharaɗin hana dabbar ya faɗi game da wannan dabbar. Aika wasiƙa ba ta isa ba, ƙara ce dole a shigar cikin wata ukun. Kotunan birnin sun sha karɓar cewa sanin supa sanin mai gida ne, kuma kyanwa da ba ta fita waje ba a ce ɓoye ta aka yi ba, tunda haka ɗabi'arta take. Don haka ki zauna yau ki tuna ranar da ya zo gyaran hita. Ki duba wayarki, wataƙila akwai saƙon da kika tura masa ko lambar ƙorafin da kika kai. Ki tuna ko da ya shigo kwanon abincinsu da akwatin bayan gidansu suna fili, ko ya yi musu wasa, ko wani yana nan. Ki rubuta duka da kwanan wata. Idan kuwa gaskiyar magana ita ce kulle su kike yi a banɗaki duk lokacin da aka ƙwanƙwasa, ki faɗa wa lauya haka, kada ki gyara labari. Wannan dokar ba ta aiki idan dabbar tana ɓarna ko tana damun maƙwabta, shi ya sa ba na so ki dogara da ita kaɗai.

Yanzu batun takardar intanet. A'a, kada ki saya. Kamfanonin gidaje sun ga irinta har sun gaji, lauyoyinsu sun san kalamanta da tambarinta. A 2020 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta fito fili ta ce takardar da aka saya a shafin da ke sayar wa duk wanda ya biya ba ta isa hujja ita kaɗai ba. A shekarar ce kuma jihar Fulorida ta mayar da gabatar da shaidar ƙarya a kan wannan laifi. Ki duba abin da za ki jawo wa kanki: ke mai ciwo na gaske, ki shiga gaban alƙali da takardar mutumin da bai taɓa ganinki ba, wanda ya yi magana da ke minti kaɗan ko ma bai yi ba. Lauyan kamfani zai tambaye ki me ya sa likitar da take ba ki magani ba ta rubuta ba, daga nan shakka ta shiga duk abin da za ki faɗa. Masu sayen takardun nan don kauce wa biyan kuɗin dabba su suka sa ake yi wa irinki kallon maƙaryata, kuma abin yana ɓata mini rai ƙwarai.

Takarda mai amfani ita ce wadda likitarki ko mai ba ki shawara za ta rubuta a kan takardar asibitinsu, da sunanta da lambar lasisinta da kwanan wata. Abin da ake so ta ce kaɗan ne: tana duba ki, kina da lalura, kuma zama da kyanwoyin yana rage miki alamomin ciwon. Tunda biyu ne, ki roƙe ta ta ambaci kowanne, ta faɗi amfaninsa. A nan ake yawan samun gardama, domin kamfani zai ce ɗaya ta isa. Ki gaya mata abin da kika gaya mini, har da na marigayi da ya kawo ta farkon, da tashin asuba, da yadda dare yake miki idan gida ya yi tsit. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita ba za ta rubuta abin da ba ta sani ba, kuma ina kyautata zaton ba ki taɓa yi mata zancen kyanwoyin ba.

Tsoronki na tonon asiri na fahimce shi, don na san yadda magana take tashi daga Bronx da safe ta kwana a Damagaram. Amma ki duba abin da zai fita a zahiri. Ba dole takardar ta ambaci sunan ciwonki ba. Kamfani ba shi da hurumin neman fayil ɗinki na asibiti ko sunan maganin da kike sha. Dokar sirrin marasa lafiya ta 1996 ta hana asibiti miƙa bayananki ga wajen aikinki ba da izininki ba. Takardar ofishin kamfanin gida za ta je, ba masallaci ba, ba ƙungiyar 'yan gari ba. Idan magana za ta fita, ta bakin mutanen da kika gaya wa za ta fita, don haka ki zaɓi wanda kike buɗe wa ciki. Kuma ki daina kiran abin taɓin hankali ko a zuciyarki. Macen da take tashi ta shiga jirgin ƙasa cikin sanyi, ta kula da tsohon wani, ta aika wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, hankalinta ƙalau yake. Ciwo ne ya same ki bayan babban rashi, kuma yana jin magani.

Da zarar kin samu takardar, ki rubuta wasiƙarki gajera zuwa ga kamfanin: kin karɓi gargaɗinsu na rana kaza, kina da lalura, kina neman sassauci a kan sharaɗin hana dabba domin kyanwoyinki biyu, ga shaidar likita a haɗe, kina jiran amsa a rubuce. Idan likita ba za ta samu damar rubutawa kafin wa'adin ba, ki tura taki wasiƙar yanzu ki ce shaida tana tafe. Doka ba ta ce sai kafin a kawo dabba ake nema ba, ana iya nema bayan an tare, har bayan gargaɗi ya zo. Ki aika ta gidan waya ta hanyar da ake sa hannu a dawo miki da shaidar karɓa, ki tura kwafi ta imel, ki ajiye naki. Kada ki sa hannu a wata sabuwar takarda da za su kawo, ko da sun ce ta sulhu ce, sai lauya ya karanta. Idan suka nemi ƙarin kuɗin ajiya saboda kyanwa, ki sani tun 2019 dokar jihar Niyok ta taƙaita kuɗin ajiya ga hayar wata ɗaya.

Lauya kuma ba sai kin ci bashi ba. Ki kira 311, layin wayar hukumar birni, ki ce kina son taimakon 'yan haya, ki nemi tafinta idan Turancin shari'a yana yi miki nauyi. Tun 2017 birnin yake ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta idan ana neman fitar da su daga gida, kuma ƙungiyoyi irin su Legal Aid Society da Legal Services NYC suna aiki a kotun gidaje ta Bronx da ke titin Grand Concourse. Idan sammaci ya zo, ki je ranar da aka sa ko da ba ki samu lauya ba tukuna, ki gaya wa alƙali kina nema. Rashin zuwa shi yake kayar da mutanenmu fiye da komai. Idan kamfanin ya ƙi buƙatarki ko ya yi biris, kina da shekara 1 ki kai kuka hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin.

Nauyin da ke kanki ke ma dole in faɗa. Sassaucin ba ya rufe ɓarna. Idan sun yage labule ko sun lalata daɓen katako, ke za ki biya, idan kuma wari ya fara fita baranda kin ba kamfani hujjar da ta fi ta yanzu ƙarfi. Namijin nan, idan ba a yi masa fiɗiya ba, ki kai shi asibitin dabbobi a yi, domin shi ke fesa fitsari a bango kuma warinsa ba ya fita da sauƙi. Akwatin bayan gida ɗaya ya yi wa kyanwa biyu kaɗan. Likitocin dabbobi suna cewa kowacce da nata a ƙara ɗaya, a kwashe kullum. Turaren wuta ba ya kashe wannan warin, cakuɗuwa yake yi da shi, ga hayaƙin yana cutar da huhunsu idan taga a rufe take. Maganin wanke fitsarin dabba da ake sayarwa a shagon kayansu shi ke aiki. Ki sa musu abin kartawa, kada wani ya ce a cire musu farce, jihar Niyok ta haramta hakan a 2019. A yi musu allurar ciwon haukan kare, doka ta wajabta, ki ajiye katin. Ki ɗauki hoton gidan ɗaki-ɗaki yau, yadda gobe ba wanda zai ce ya lalace. Kuma takardar likitan ta gida ce kawai: ba ta ba ki damar shiga da su kanti ko wajen aiki ba, kamfanonin jirgin sama ma tun farkon 2021 suka samu izinin ɗaukarsu a matsayin dabbobin gida da ake biya wa kuɗi.

Sai ƙanen mijinki. Ina zaton tausayinki ne ya sa ya faɗa, yana tsoron ya ga matar yayansa a titi. Ki gode masa, ki yi istigfarin, babu wanda ya wadatu da shi. Amma maganar abin kunya ba ta da tushe a addini. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malamanmu suke karantarwa a zaure, Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninku. Buhari da Muslim sun ruwaito matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Baƙin ciki kuwa, Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu da idanunsa suka yi fari saboda kewar Yusufu, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Ba sai kin yi musu da shi ba, ba kuma sai kin nuna masa takardar likita ba. Ki ce masa kin samu lauya, ana bin hanya, ya taya ki da addu'a. Idan yana son taimakawa da gaske, ya raka ki kotu.

Abu ɗaya a wasiƙarki ya tsaya mini a rai fiye da batun gidan, wato cewa kyanwoyin ne ke tayar da ke. Na gode wa Allah da suke nan. Amma ba na so a ce su kaɗai ne igiyar da take riƙe da ke, domin dabba tana ciwo, tana tsufa. Kada tashin hankalin nan ya sa ki fasa zuwa wajen mai ba ki shawara, kada kuma ki daina magani don kin ji sauƙi sai likita ta ce. Ki nemi mace ɗaya ko biyu a cikin matan masallacinku waɗanda suke da riƙon amana, ko da shayi ne ku riƙa sha tare ranar hutunki. Ki sa wa kiran 'ya'yanki rana da lokaci tsayayye. Idan wani dare ya zo da kika ji rayuwar ta ishe ki, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki kira 988, layin agajin masu damuwa, a take, dare ko rana, kyauta ne kuma suna haɗa mutum da tafinta.

Ki tanadi mutum ɗaya da zai iya riƙe miki su na ɗan lokaci idan lauya ya ga hakan ya fi miki alheri yayin da ake magana, wataƙila maƙwabciyar da ta ba ki namijin. Amma kada ki fitar da su da kanki kafin ki ji ta bakin lauya, domin fitar da su na iya raunana hujjarki ta wata 3. Gobe da safe ki fara da kiran asibiti, sannan 311. Ki rubuto mini abin da kamfanin ya amsa, Allah Ya ba ki lafiya, Ya haɗa ki da 'ya'yanki cikin alheri.